Darasi: Rai, Dukiya da Baƙi a Ƙauyukan Kudancin Kano

Gabatarwa

Wanda ya bar birnin Kano ya kama hanyar Zariya, in ya kai Kwanar Dangora ya karya hagu, to ya hau hanyar da za ta kai shi Tudun Wada, ta ratsa da shi dajin Falgore da ƙasar Doguwa, ta miƙe har Jos. Wannan yanki na ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa shi ne za mu yi nazarinsa a wannan darasi. Allah ya albarkace shi da ruwa da daji da duwatsu, irin abubuwan da mutane ke biyan kuɗi su je su gani a wasu ƙasashe. To me ya sa masu yawon buɗe ido ba su cika zuwa ba? Amsar da za mu bi diddiginta ita ce: baƙo ba ya kwana a gidan da mai gidan kansa yake barci da ido ɗaya.

1. Ina dukiyar ɗan ƙauye take?

Ruwan sama a nan ya fi na birnin Kano yawa, musamman wajen Doguwa. Saboda haka ana noma masara, dawa, shinkafa, gyaɗa, waken suya da rake. Tudun Wada ta yi suna wajen cinikin shinkafa, fatake na zuwa daga nesa su yi lodi.

Mu lura da abu ɗaya. Dukiyar ɗan ƙauye ba a banki take ba. Tana cikin gona, da rumbu, da turke. Shanun huɗa biyu su ne garmarsa, su ne motarsa in ya ɗaura musu amalanke, su ne kuma ajiyarsa ta ranar ciwo ko ranar biyan kuɗin makaranta. Da yawa daga cikinmu da kuɗin buhun masara ko na ɗan akuya aka kawo mu makaranta. Wanda ya kwance wa manomi shanu cikin dare, ya kwance masa noman bana da karatun 'ya'yansa gaba ɗaya.

2. Ruwa: albarka da haɗari

A zamanin gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a ƙasar Bebeji. An gama ta a 1974, tana kuma iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ruwanta ne ke bin magudanai zuwa gonakin rani na Kadawa, Kura da Bunkure, inda ake noma tumatir da alkama da shinkafa. Masunta ma sun samu sana'a.

Amma kafin tafkin ya cika, sai da dubban mutane suka bar gidajensu da gonakinsu da makabartun iyayensu, aka sake musu matsuguni. Galibin gonakin ranin da suka amfana suna can ƙasa da madatsar, ba a inda waɗanda aka tayar suke ba. Wannan shi ne darasi na farko: duk babban aikin da ya zo ƙauye, mu tambaya wa zai ci moriyarsa, wa kuma zai biya farashinsa.

Ruwa yana da wasu haɗurran. A watan Agusta 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta ci gidaje da gonaki da rayuka. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 kuma, wani jirgin ruwa da aka cika maƙil ya kife a tafkin Watari na Bagwai, mutane da dama suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Akwai kuma tsargiya, wato fitsarin jini, wadda ake ɗauka ta wurin wanka a ruwa mai kwanciya inda dodon koɗi ke zaune. Tana da magani a asibiti, kada mu ɗauke ta alamar girma kamar yadda wasu yara ke zato.

3. Gona ta wa?

A al'adarmu gona tana zuwa hannun mutum ta gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina. Mai unguwa da dagaci da dattawa su ne shaidu. Amma tun 1978 akwai Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin zama bisa al'ada. In gwamnati ta karɓi gona don aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba.

Me wannan ke nufi gare mu? In wani mai kuɗi ya zo neman fili a bakin tafki don ya gina masaukin baƙi, manomin da ba shi da takarda ba shi da bakin magana. Rigingimun gona da yawa kuwa daga aro da jingina suke tasowa, waɗanda aka yi da fatar baki, shaidun suka rasu, 'ya'ya suka gaji gardama. Mu da muka iya karatu da rubutu, aikinmu ne mu taimaki iyayenmu su rubuta kowace yarjejeniya, da kwanan wata, da iyakokin gonar, da sa hannun shaidu.

4. Dajin Falgore

Tun shekarun 1940 Turawan mulkin mallaka suka keɓe wannan daji da sunan Kogin Kano. A shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900, ya shafi Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Shi ne ke kare bakin kogin da ke cika Tiga, domin in aka sare itatuwan, ƙasa za ta zaizaye ta cike tafkin da laka.

Farauta ba bisa ƙa'ida ba, da saran itace, da ƙona gawayi sun rage namun dajin ƙwarai. Daga baya, a wajen 2015 da 2016, ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mai da shi maɓoya, har matafiya suka riƙa gudun ratsa shi da dare. Waɗanda suka fi shan wahala su ne mazauna gefen dajin, manoma da Fulani makiyaya baki ɗaya. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta mai da wani sashensa filin horo. A ƙasar Kiru kuma, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ware dajin Ɗansoshiya don tsugunar da makiyaya. Soja na iya korar ɓarawo, amma mutanen gari ne suka san baƙuwar fuska da sabuwar hanyar da ta shiga daji. In manomi da makiyayi ba sa ga maciji da juna, ɓarawo ne ke cin riba.

5. Ina baƙin suke?

Gwamnatin Audu Bako ta yi tunanin baƙi. An gina otal ɗin Bagauda a bakin tafki, da na Rock Castle a kan dutse a Tiga. Na Bagauda daga baya ya zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, na Tiga kuwa ya yi shekaru cikin rashin kulawa. A Riruwai ta ƙasar Doguwa akwai duwatsu masu ban sha'awa da tarihin haƙar kuza, wadda mutanen garin suke narkarwa tun kafin zuwan Turawa. Abin kallo bai ƙare ba, amma gini kaɗai ba ya riƙe baƙo.

Mu dubi ƙasar Ruwanda. Tun 2005 take ware wani kaso na kuɗin shiga gandayen dajinta don ƙauyukan da ke kewaye, a 2017 ta ƙara shi zuwa kashi 10 cikin 100. Da kuɗin ake gina ajujuwa da ɗakunan shan magani da wuraren ɗibar ruwa. Mutumin da ɗansa ke karatu da kuɗin daji ba zai bari a cinna wa dajin wuta ba. Abin da baƙo ke nema, wato hanya mai kyau, ruwa mai tsabta, asibiti kusa, da kwana ba fargaba, shi ne ɗan ƙauye ya daɗe yana nema. A fara ba mai gida, baƙo zai zo da ƙafarsa.

Abin da za mu yi a hutun nan

(a) Mu zauna da iyayenmu mu rubuta gonakin gidanmu da yadda aka same su.
(b) Kada mu shiga jirgin ruwan da ya cika, kada kuma mu yi wanka a tafki ko tsohon ramin kuza.
(c) In mun ga baƙin shanu ko baƙin mutane a daji, mu gaya wa mai unguwa, kada mu ɗauki doka a hannunmu.
(d) Mu tambayi tsofaffi tarihin garinmu mu rubuta, domin wata rana mu ne za mu yi wa baƙi jagora.

Tambayoyi don nazari

1. Faɗi amfani biyu da illa biyu na madatsar Tiga.
2. Mene ne bambancin aro da jingina?
3. Ta yaya saran itace a Falgore zai shafi mai noman tumatir a Kura?
4. In baƙo ya zo ƙauyenku gobe, me za ku nuna masa, me kuma za ku ji kunyar ya gani?