Zumunta a Ƙafa Take

Malam Garba kafinta ne a birnin Kano. Yana da ƙane, sunansa Isa, direban mota. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya, amma shekara 7 ba su gaisa ba saboda gardamar gonar gado. Audu, ɗan Malam Garba, ya kai aji biyar bai taɓa taka gidan baffansa ba.

Ran nan da bazara sai ga saƙo daga tsohuwarsu a Alkaleri, cikin ƙasar Bauchi. Ta ce ƙarfinta ya ƙare, tana so ta gan su, amma su zo cikin mota guda. In ba haka ba, kowa ya sha zamansa. Maganar uwa ba ta faɗuwa ƙasa. Da asuba Isa ya kawo motarsa, Malam Garba ya shiga baya, Audu ya zauna gaba.

Suka ƙetare gadar Wudil, babu mai cewa uffan. Da suka isa Birnin Kudu, Audu ya ce, "Baffa, malaminmu ya ce akwai zanen mutanen dā a duwatsun garin nan. Ko ka tsaya mu gani?" Isa ya tsaya. A Dutsen Habude suka ga siffofin shanu a jikin dutse, waɗanda aka zana tun zamani mai nisa. Wajen saukowa santsi ya kwashe Malam Garba, sai Isa ya yi wuf ya cafe hannunsa, ya ce, "Sannu, Yaya." Malam Garba ya ce, "Yauwa." Ita ce maganarsu ta fari cikin shekara 7.

Suka bi ta Ningi, suka kwana a Bauchi. Da gari ya waye suka kama hanyar Gombe. A Dindima Audu ya roƙa a biya da shi Yankari. Uban ya yi shiru, can ya ce, "Isa, karya mu shiga."

Yankari daji ne mai faɗi wanda aka keɓe domin namun daji a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. An hana farauta a cikinsa. Kogin Gaji ya ratsa shi. Da rani, in tafkuna suka ƙafe, dabbobi sukan taru a bakin kogin domin ruwa, shi ya sa ganinsu ya fi sauƙi a lokacin nan.

Wani ma'aikacin dajin ya yi musu jagora. Suka ga ɓauna da gwanki da mugun dawa. Can sai ga garken giwaye. Jagoran ya ce, "Ku dubi ta gaban nan. Tsohuwar mace ce ke jan garke, ita ta san inda ruwa yake. In haɗari ya taso, manya sukan kewaye ƙanana, su sa su a tsakiya." Malam Garba ya dubi ƙanensa, ya sunkuyar da kai.

Daga nan suka gangara Wikki, watau maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse. Ruwan garau yake, ana hangen yashin ƙasansa. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Audu bai iya iyo ba, sai Isa ya tallabe shi yana koya masa. Malam Garba ya yi dariya, ya ce, "Haka na koya maka a rafin garinmu." Isa ya ce, "Ban manta ba, Yaya. Ka yafe mini." Malam Garba ya ce, "Ni ne babba, ni ya kamata in fara nemanka. Gonar nan mu noma ta tare."

Da la'asar suka isa Alkaleri, Malam Garba na zaune gaba, kusa da ƙanensa. Tsohuwa ta ji muryoyinsu suna hira tun daga zaure, ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta sa musu albarka.

Yara, ɗan'uwa rabin jiki ne. In kuna da wanda kuka daɗe ba ku gani ba, ku roƙi iyayenku su kai ku.

Tambayoyi
1. Me ya raba Malam Garba da Isa?
2. Don me dabbobi ke taruwa a bakin Kogin Gaji da rani?
3. Wace ce ke jan garken giwaye?
4. Mene ne ma'anar "zumunta a ƙafa take"?