Yadda Ake Matse Sauti Don Ya Shiga Faifan Bidiyo

A Bolori, kamar sauran unguwannin Maiduguri, masu ɗaukar bidiyon bikin aure, ko suna, ko tafsirin watan azumi, sukan gamu da matsala guda: an ɗauki aikin awa biyu, amma faifai ya cika tun ba a gama zubawa ba. Wayar hannu da katin ajiya sun rage kasuwar faifai ƙwarai, amma har yanzu akan sami mai biki da yake so a miƙa masa nasa a hannu.

Sau da yawa laifin ba na hoto ba ne, na sauti ne. Faifan DVD, wanda ya fara fitowa a ƙasar Japan cikin 1996, yana ɗaukar megabayit 4,700. Sautin da ba a matse ba, watau wanda ake kira PCM, yana cin megabayit 691 a kowace awa. Ke nan aikin awa biyu zai cinye wajen 1,380, kusan kashi 30 cikin 100 na faifan, tun hoto bai shiga ba. In kuwa aka matse shi da tsarin Dolby Digital a kan kilobit 192 a daƙiƙa, megabayit 173 kacal zai ci, watau ɗaya bisa takwas. Wurin da aka samu sai a bar wa hoto, ya fito tangaram.

Hikimar abin tana cikin halittar kunne. Sa'ad da aka buga ganga, aka busa algaita, ba wanda yake jin motsin takalmin maroƙi. Na'urar matsewa takan gano irin waɗannan ƙananan sautuka da babban sauti ya danne, ta zubar da su, ta bar abin da kunne zai ji.

Amma lalle ne a lura, abin da aka zubar ba ya dawowa. In aka matse fiye da kima, muryar mai karatu takan shaƙe, haruffa irin su "sin" da "shin" su cuɗe, mai sauraro ya kasa rarrabewa. A wajen tafsiri wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Haka nan bai kamata a sake matse sautin da aka riga aka matse ba, kamar wanda aka kwaso daga tsohon faifan VCD, domin kowane matsi da ɓarnar da yake yi. Har ila yau DVD yana aiki ne da sauti mai awo 48,000 a daƙiƙa, VCD kuwa 44,100. In ba a daidaita ba, wasu na'urori ba za su karɓa ba.

Saboda haka ana shawartar mai wannan sana'a ya adana ainihin sautin yadda aka ɗauko shi a wani wuri dabam. Kafin ya buga faifai da yawa kuma, ya gwada guda ɗaya a talabijin na gida, ya saurara daga farko har ƙarshe.