Lua: Ƙaramin Harshe A Cikin Babbar Manhaja

A shekarar 1993 ne masana uku na Jami'ar Katolika ta Rio de Janeiro, ƙasar Burazil, suka ƙirƙiro harshen kwamfuta mai suna Lua, wato watan sama da harshen Fotugis. An tsara shi ne domin a dasa shi cikin babbar manhaja, kamar zaman mitokondiriya cikin ƙwayar halitta.

Kwamfuta ba ta fahimtar umarnin Lua kai tsaye. Sai an mayar da shi gajerun lambobi, sannan na'urar kwaikwayo, wadda ita ma manhaja ce da aka rubuta da harshen C, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka abin da ɗalibi ya rubuta zai yi aiki a kowace kwamfuta mai ɗauke da wannan na'ura, sai dai bai kai C sauri ba.