Nasiha ga mai sha'awar riƙe makirfo a bakin fili

Ƴar'uwata, labari ya iso mini cewa zuciyarki ta karkata ga aikin masu tsayawa a bakin fili suna kawo rahoton wasa a talabijin, kuma ban ga laifinki ba, domin aiki ne mai ƙayatarwa ga wanda ke kallo daga gida. Ki ara mini kunnenki kaɗan, in gaya miki abin da kyamara ba ta nunawa.

A Amurka aikin ya kafu. A 1974 tashar ABC ta ɗauki wasu samari biyu, Jim Lampley da Don Tollefson, ta tsayar da su a gefen fili a wasannin jami'o'i na ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da ita. Dalili kuwa shi ne masu sharhi suna zaune can sama ne a bayan gilashi, suna hango fili gaba ɗaya, amma ba sa jin faɗan da koci ke yi wa yaransa, ba sa ganin ɗan wasan da ya zauna a benci likita na matsa masa gwiwa yana cije baki. Saboda haka ake bukatar wanda zai zame musu ido da kunne a ƙasa, kuma amanar ke nan tun ranar farko.

Mafi yawan aikin a ɓoye yake. Tun kwanaki kafin wasa ake zama da masu horarwa da ƴan wasa, ana cika littafi da bayanai, sannan ranar wasa furodusa ya yi miki magana ta ƴar na'urar da ke maƙale a kunnenki, ya ba ki abin da bai kai minti guda ba, ki faɗi naki ki yi shiru, sauran abin da kika tara kuwa ya koma jaka. A tsaye za ki wuni, ko ruwa ake yi ko sanyi. Pam Oliver, wadda ta fara da tashar Fox a 1995, ƙwallo ta taɓa samun ta a fuska a 2013 har ta yi jinya. Kafin ita, Lesley Visser, lokacin da take rubuta wa jaridar Boston Globe labarin wasanni, a wurin ajiye motoci take jiran ƴan wasa su fito, domin ba a barin mata shiga inda ƴan jarida maza ke yin hirarsu. Haƙurin nan ne ya kai ta har ta zama mace ta farko da ta kawo rahoto daga bakin fili a wasan ƙarshe na Super Bowl, a 1995.

Wadda na fi so ki duba ita ce Lisa Salters. Da labaran duniya ta fara, ta yi aiki a sashen labarai na ABC, ta koma ESPN a 2000, kuma sai a 2012 aka damƙa mata bakin filin wasannin daren Litinin. Ranar 2 ga Janairu, 2023, a birnin Cincinnati, wani ɗan wasan Buffalo Bills mai shekara 24, Damar Hamlin, ya yi karo da abokin hamayya, ya miƙe tsaye, sai ya yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta tsaya. Likitoci suka rufu a kansa suna danna masa ƙirji, motar asibiti ta shigo har tsakiyar fili, ƙarti majiya ƙarfi suka durƙusa suna kuka suna addu'a. Miliyoyin mutane sun zuba ido, kowa na son a ce masa yaron na raye ko ya cika, ga danginsa suna saurare. Salters, wadda ke bakin filin a daren, muryarta na rawa, ta tsaya a kan abin da ta gani da abin da aka tabbatar mata, ba ta yi kirdado ba. Allah ya yi da sauran kwana, yaron ya tashi har ya koma wasa. Ki yi tunanin da a ce ta yi gaggawar furta abin da ba ta tabbatar ba, wace irin wuta za ta kunna a zuciyar mahaifiyarsa?

A watan Nuwamban shekarar, wata fitacciyar mai gabatar da shirin wasanni, Charissa Thompson, ta faɗa a wata hira cewa a zamanin da take bakin fili, idan koci bai fito ya yi mata magana a hutun rabin lokaci ba, takan ƙirƙiri rahoto. Daga baya ta ce ba ta zaɓi kalmomin da suka dace ba, kuma ba ta taɓa jingina wa wani maganar da bai yi ba, mu kuwa ba mu da hurumin shiga zuciyarta. Amma abokan aikinta da dama, har da Salters, sun fito fili sun nuna ɓacin ransu, domin sun san cewa daga ranar mai kallo zai riƙa shakkar kowannensu, alhali sun shafe shekaru suna fama a yarda cewa aikinsu aikin jarida ne, ba ado ba.

Saboda haka, ƴar'uwata, kada ki raina ƙaramin wuri. Ki fara a gidan rediyon garinku ko wasan ƴan makaranta, ki koyi rubutu, ki san dokokin wasan har ki iya gane abin da alƙalin wasa ya hura tun kafin a sanar. Wanda aka ci, ki tambaye shi da tausayi, domin mutum ne da ya fito daga baƙin ciki yanzun nan, kuma gobe za ki sake bukatarsa. Ranar da koci ya wuce ki fuska a murtuke bai ce uffan ba, furodusa kuma na ƙirga miki daƙiƙoƙi a kunne, don Allah ki gaya wa masu kallo cewa bai yi magana ba, sannan ki faɗa musu abin da idonki ya gani.