Ƙwayoyin Ƙasa Masu Cin Baƙin Mai

Duk wanda ya taɓa shiga garejin makanikai a Maiduguri ya ga yadda ƙasar wurin take: baƙa ƙirin, ta daskare, ko ciyawa ba ta tsirowa. Baƙin man da ake juyewa daga injin mota da na janareto shi ya mai da ita haka. Da yake rairayi ya yi yawa a ƙasar garin, man ba ya tsayawa a sama. Nutsewa yake yi sannu a hankali ya nufi ruwan rijiya, wanda ya saura kuwa ruwan damina ya kwashe shi zuwa kogin Ngadda, inda masu lambu suke ban ruwa.

To, ashe maganin yana cikin ƙasar kanta. A cikin cokali guda na ƙasa mai kyau akwai miliyoyin ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, masana suna kiran su bakteriya. Ba dukansu ne ke kawo cuta ba. Akwai irin da mai abinci ne a gare su, kamar waɗansu daga dangin Pseudomonas da Bacillus. Idan sun ci shi sai su mai da shi ruwa da irin iskar da mutum yake fitarwa wajen numfashi.

Amma fa ba sa aiki sai da abu uku: iska, da laima, da taki. A nan ne Maiduguri take da wuya. Zafin garin yana gaggauta aikinsu, sai dai rani yana da tsawo, kuma da zarar ƙasa ta bushe sai su kwanta kamar matattu. Saboda haka akan sassaƙe wurin da fartanya don iska ta shiga, a cuɗa shi da kashin shanu ko na kaji, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Kada a cika ruwan, gama yana toshe iska. Aiki ne na watanni, ba na kwana bakwai ba.

An jarraba wannan dabara a manyan wurare. A shekarar 1989, da jirgin ruwa Exxon Valdez ya zubar da ɗanyen mai a gaɓar Alaska ta Amurka, takin zamani aka barbaɗa don ƙarfafa ƙwayoyin da ke wurin. A ƙasar Ogoni kuwa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Ya kamata jama'a su lura da abu guda. Baƙin mai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa irin su dalma, waɗanda ƙwayoyin ba sa iya ci. Ko da wurin ya washe har ciyawa ta fito, kada a shuka alayyafo ko latas a kai sai masana sun auna ƙasar tukuna.