Makoki da Zabura: Karatu Domin Kwanakin Ƙunci

A ranar 29 ga Oktoba 2014 Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, bayan Madagali da Michika. Dubban mutane suka kwararo Yola da Jimeta, waɗansu da ƙafa. Majami'ar St. Theresa a Jimeta ta buɗe harabarta ga 'yan gudun hijira, amma yawancinsu gidajen dangi da na 'yan'uwa masu bi ne suka ɗauke su. An maido da Mubi kafin ƙarshen shekarar, sai dai fargaba ba ta bar zuciya da saurin da soja ke karɓar gari. Har wa yau akwai iyalan da barci ke gagararsu, ga tsadar abinci, ga ambaliyar Binuwai irin ta 2012 da 2022.

Mutumin da ke cikin irin wannan hali ba kasafai yake iya bin dogon wa'azi ba. Waƙa kuwa yana iya riƙe ta, domin gajera ce, tana da tsari, tana kuma maimaita kanta. Ba banza ba ne Littafi Mai Tsarki ya ƙunshi Zabura 150, waɗanda kusan sulusinsu kuka ne da roƙo.

Littafin Makoki ya fi kowanne kusa da abin da mutanen arewacin Adamawa suka gani. Waƙoƙi 5 ne a kan rushewar Urushalima a hannun Babila, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. A Ibrananci, huɗu na farko an jera su ne bisa haruffa 22 na harshen, kowace aya da harafinta. Sura ta 3 tana da ayoyi 66, wato uku ga kowane harafi. Mawaƙin bai rage zafin abin da ya faru ba ko kaɗan, yana ambaton yunwar yara da wulakancin dattawa, amma ya sa wa baƙin cikinsa mafari da iyaka. Wanda ke bin harafi bayan harafi ba ya nutsewa, gama ya san inda zai sa ƙafa ta gaba. Fassarar Hausa ba ta iya ɗauko jerin haruffan ba. Abin da ta ɗauko shi ne tagwaita magana, inda layi na biyu yake maimaita na farko ko ya ƙara masa nauyi, kuma wannan shi ke tilasta wa mai karatu ya sassauta, numfashinsa ya daidaita.

Abin lura kuma, maganar bege tana tsakiyar sura ta 3 ne, ba a ƙarshen littafin ba. Haka Zabura ta 88 take ƙarewa cikin duhu. Masu gaggawar tsallake irin waɗannan wurare zuwa ayoyin murna suna zaluntar mai makoki, ko da nufinsu alheri ne.

A addu'ar iyali ta dare, waƙa ɗaya ta isa. A karanta ta da murya, uba ko uwa ya ɗauki layi na farko, yara su amsa da na biyu. Zabura ta 42 da ta 43 sun dace da farawa, tun da amshi guda ne yake dawowa sau 3 a cikinsu, har ƙaramin yaro ma yana iya haddace shi kafin mako ya ƙare.