Koriyar Fara a Lambun Gida

Mai zogale ko alayyahu ko yakuwa a bayan ɗaki yakan tashi da safe ya tarar an huhhuda ganye, amma bai ga mai ɓarnar ba. Wani lokaci koriyar fara ce. Da rana takan lafe a jikin reshe. Fukafukanta kamar ganye suke, har da jijiyoyi, shi ya sa ido ke wuce ta. Sai dare ya yi take fitowa kiwo.

Gane ta ba wuya. Farar da muka saba soyawa gashin kanta gajere ne. Na wannan siriri ne, yakan fi jikinta tsawo. Ƙarar da ake ji cikin shuke-shuke da daddare ta namijin ce, yana goga fukafukinsa ɗaya da ɗaya don kiran tamata. Kunnuwanta kuwa a ƙafafun gaba suke, ikon Allah! Tamatar tana da wani abu kamar takobi a bayanta. Kada yara su tsorata, ba harbi take yi da shi ba, ƙwai take sakawa a ƙasa ko a jikin tsiro.

Ɓarnarta ba ta kai ta farar ɗango ba. Babbar shuka takan sake toho ko da an ci mata ganye kaɗan. Wasu irinta ma suna cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye. Inda ake jin jiki shi ne sabon dashe, da fure, da 'ya'yan lemo tun suna ƙanana. In ta gatsi ɓawon, tabon yana nan har lemon ya nuna, a kasuwa kuma ya rage daraja.

Don Allah kada ku yi saurin fesa guba a ganyen da gobe za a zuba a miya. Gubar tana kashe ƙudan zuma, tana cutar da kaji. Ku fito da tocila bayan isha'i, ku tsince farar da hannu, da safe ku ba kaji. Sabon dashe a rufa masa tsohon gidan sauro.

In farar ta yi yawa, a daka 'ya'yan dogonyaro busassu giram 50, a jiƙa a ruwa lita 1 ya kwana. A tace da ƙyalle, a fesa da yamma, sama da ƙarƙashin ganye. Bayan mako guda, ko in an yi ruwan sama, a sake fesawa. A wanke ganyen sosai kafin a dafa.